Hantar Hansai

A gidan mahauta, gidan da kullum sai an wanke jini a wuƙa da faranti, can aka samu macen da jini ya ƙare a jikinta. A nan Batsari aka yi, ba a wata uwa duniya ba. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya taɓa ɗaga mata murya. In ka tambayi mutanen gidan yau, za su dafa ƙirji su ce maka ba a taɓa riƙon suruka kamar yadda suka riƙe Hansai ba. Abin da ya fi ci mini rai, ba ƙarya suke ganin suna yi ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda aka yi, a hankali, ko wani gidan zai leƙa ya ga zaurensa a ciki.

Hansai 'yar Babban Duhu ce, can ƙasar Safana. Hanyar garinsu ba kullum take biyuwa ba a wannan zamani, don haka danginta sai jefi-jefi suke leƙo ta. Mijinta Nazifi mai tsire ne, autan Malam Armaya'u. Shi Malam Armaya'u tsohon mahauci ne, ya daɗe da ajiye wuƙa ya bar wa 'ya'yansa biyu sana'a, Hamidu babba da Nazifi. Wuƙar kawai ya ajiye. Haƙoransa suna nan daram, suna aiki.

Cikin Hansai na fari ya fara nauyi sai ta soma ganin jiri. In ta ɗaga taɓarya kaɗan sai ta jingina da bango tana haki. Ƙafafunta suka ɗan tasa. Ta koma gutsurar ƙasar bangon ɗaki tana tsotsa a ɓoye. Ranar da Nazifi ya kama ta tana haka, ya goya ta a babur sai wurin Likita Ikilima.

Duk Batsari ba wanda bai san Likita Ikilima ba. 'Yar Safana ce, ta yi karatunta, ta yi aiki a manyan asibitocin birni har furfura ta fara leƙo mata, sannan ta tattaro kayanta ta dawo ta buɗe ɗan asibitinta a bayan tasha. Likitar Tukunya ake ce mata, domin in ta shiga gida duba maras lafiya, kafin ta buɗe jakarta sai ta wuce madafa ta buɗe tukunya ta ga abin da ake ci. Ka je mata da ciwon kai, sai ta tambaye ka rijiyar da kake sha, da ko kana samun barci, da wanda kuka yi faɗa da shi. Wasu na cewa gulma ce kawai ta sa farar riga. Amma su ɗin dai in ciwo ya yi ciwo wurinta suke zuwa, daga jariri har kakarsa. Ita kuwa cewa take ba ta taɓa ganin mutum ya yi ciwo shi kaɗai ba. Gida ne ke ciwo, sai abin ya fito ta jikin wanda ya fi rauni.

Ta zaunar da Hansai, ta ja fatar idonta ƙasa, ta juya tafin hannunta. Fari fat.

"Nazifi, matso ka gani," in ji ta. "Kai da ka san nama, in aka kawo maka hanta mai wannan launin, za ka saya?"

Nazifi ya leƙa. "A'a, Likita. Wannan ai dabbar ba ta da lafiya."

"To matarka ce."

Nazifi ya cire hula ya sosa kai, ya mayar.

"Jininta ya yi ƙasa sosai," in ji Likita. "Haihuwa kuwa da jini ake yin ta. In naƙuda ta same ta a haka, ana iya rasa ta, ana iya rasa abin da ke cikinta, ana iya rasa su duka. Ka ji ni da kyau? Ga ƙwayoyi, ga na kwalba. Amma babban maganin yana kan teburinka. Nama. Hanta lokaci-lokaci. Ƙwai, wake, zogale. Kuma ta bar daka, ta bar jan guga."

"Likita, in dai nama ne ai an zo gida," in ji Nazifi, har da 'yar dariyarsa.

Kuma tsakani da Allah yaron ya yi ƙoƙari. Likita ta ce lokaci-lokaci, shi ya mayar da shi kullum. Da la'asar zai zaɓi hanta mafi kyau, ya gasa ta a gefen tukuba inda wuta ba ta da yawa, ya barbaɗa yaji, ya yanka albasa, ya naɗe a takarda. Ya shigo gida yana shela tun daga ƙofa, "Na Hansai ne! Maganin likita ne!"

To a nan gizon yake. A gidan Malam Armaya'u akwai doka tun ta kakanni: duk abin ci da ya shigo ta zaure, sai ya tsaya gaban maigida ya sa masa albarka kafin ya wuce ciki. Sa albarkar kuwa ba da addu'a kaɗai ake yin ta ba. Da baki ake yi.

"Kawo nan in sa mata albarka," in ji Baba, wato Malam Armaya'u. "Magani ba ya kama jiki in babu albarkar manya."

Loma ɗaya yake ɗauka, wannan kam ba a yi masa ƙarya. Sai dai mutumin da ya shekara da shekaru yana saran ƙashin sa, hannunsa ba na yara ba ne. Hamidu kuma kullum yana gefensa a tabarma, ga shi yaro mai ladabi, ba ya iya barin babba ya ci shi kaɗai. Shi ma sai ya taya Baba da loma ɗaya. In wani baƙo ya yi sallama a daidai lokacin, to kunyar gida ce a ce ya ji ƙamshi bai taɓa ba.

Abin da ya tsira daga zaure sai ya wuce hannun Inna Tasalla, uwar gidan, don ita ke rabon komai. Kafin ta warware takardar, 'ya'yan Hamidu sun kewaye ta kamar kaji sun ga tsaba.

"Ba a cin nama yara na kallo," in ji Inna. "Cikinta ma sai ya yi ciwo."

Abin da ke isa ɗakin Hansai shi ne takarda mai maiƙo, da albasa, da yaji. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Inna. Allah shi ƙara girma."

Ƙwai kuwa ranar farko aka yanke masa hukunci.

"Mai ciki ta ci ƙwai?" Inna ta tafa hannu. "So kuke ta haifo mana ɓarawo cikin zuri'a?"

Don kada a yi asara, sai aka riƙa soya wa Baba yana haɗawa da shayin safe. Shi an riga an haife shi, ba abin da ƙwai zai yi masa.

Ƙwayoyin maganin, Inna ta ce ta san su sarai, su ne ke sa ɗa ya yi ƙaton kai a ciki har a kai ga yanka mace. Ta jefa su cikin wata langa ta ɗora a can saman jere, ta ce don tausayin yarinyar ta yi. Na kwalbar kuma Hamidu ya ɗanɗana ya ji zaƙi, ya duba jikin kwalin ya ga an zana wani ƙato mai ƙwanji.

"Wannan ai na maza ne," in ji shi. "Kuskure aka yi wurin bayarwa."

Shi da Baba suka gyara kuskuren, cokali-cokali bayan sallar asuba. Zogale kaɗai ne ba wanda ya yi takara da ita a kansa, shi ma sai ranar da ba a sa ƙuli ba.

Maganar hutu ma ba ta yi nisa ba. Inna ta ce ita a gindin turmi naƙudar Hamidu ta kama ta, kuma ga shi nan ƙato. Daka ke sa haihuwa ta zo da sauƙi. Hansai ta ci gaba da daka, tana yi tana tsayawa, tana yi tana dafa turmi.

In Nazifi ya shigo ɗaki ya ce, "Kin ci?" sai ta ce, "Na ci." Ba ƙarya ta yi ba, ta ci albasa. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba ta buɗe baki ta ce surukinta ya cinye mata nama. Ina ma za ta fara?

Amma Nazifi ba makaho ba ne. Ya ga matarsa na ƙara yin fari, ya ga kumatun yayansa na ƙara sheƙi. Wata rana ya yanke shawara irin ta jarumai. Ya naɗe hantar a takarda, ya ƙara da leda, ya cusa a aljihun wando, ya saki riga a kai. Ya shigo zaure yana tafiya a karkace, ya gaida Baba a gurguje zai wuce.

Baba ya ɗaga hanci sama.

"Nazifi."

"Na'am, Baba."

"Mi ke cikin aljihunka?"

"Ba komai, Baba."

"Ba komai ɗin har da yaji da albasa? Ni za ka ɓoye wa hanta? Tun ba a haife ka ba nike shinshinar ta a cikin dabba tana tafiya da ƙafafunta!" Ya juya ga Hamidu, murya na rawa. "Ka gani ko? Yau ni aka zagaye a gidana. Don loma ɗaya. Loma ɗaya ta albarka! Shi ke nan, tahi. Tahi ka kai mata. Allah ya ba da lafiya ba da bakina ba."

"Ashe har ka yi girman da za ka sa Baba kuka," in ji Hamidu. "A kan mace."

Nazifi ya zube a ƙasa yana ba da haƙuri. Ya fito da ƙunshin ya ajiye. Baba ya ƙi kallonsa, sai da aka yi ta roƙo sannan ya haƙura ya sa albarka, ranar har sau biyu saboda ɓacin rai. Kashegari Nazifi ya haɗo da ƙoda don a wanke laifi. Daga nan ƙoda ta shiga cikin maganin Hansai.

Da suka koma asibiti, Likita Ikilima ta ja fatar idon ta daɗe tana kallo.

"Ɗiyata, kina cin abin da na ce?"

Hansai ta sunkuyar da kai. "Ina ci, Likita."

"Nazifi?"

"Wallahi kullum sai na kai gida, Likita. Ko rana ɗaya ban fasa ba."

Shi ma ba ƙarya ya yi ba. Likita ta ƙara musu magani, ta ce za ta shigo gidan da kanta ta gani. Sai dai a 'yan kwanakin nan ne mutanen ƙauyukan wajen Wagini suka kwararo cikin gari da yara da tsofaffi, bayan an tashe su daga gidajensu. Asibitin ya cika har baranda, masu zawo, masu zazzaɓi, masu raunin gudu. Likita ba ta samu ta leƙa ko'ina ba. Sabon maganin ya bi hanyar tsohon: ƙwayoyi langa, kwalba zaure.

Hansai ta kai in ta tashi daga tabarma sai ta tsaya duhu ya wuce mata a ido. Zoben hannunta ya nutse a kumburi. In ta kwanta numfashi ya ƙi, sai ta jingina da bango a zaune. Inna ta ce nauyin ciki ne, alamar namiji. Hamidu ya ce matan yanzu ne ba su da ƙwari. Baba ya ce a ƙara haƙuri, albarka ba ta aiki da gaggawa.

Ranar wata kasuwa da hantsi, sai ga babur ya tsaya a ƙofar asibiti. Hamidu ke tuƙi, Baba a baya, ƙafa ɗaya a miƙe an naɗe ta da rawani, yana salati da ƙarfi duk lokacin da iska ta taɓa ta. Aka tallabo shi aka zaunar.

"Baba, ina kwana? An tashi lafiya?" in ji Likita.

"Lafiya lau, wayyo Allah! Lafiya ƙalau."

"Ya iyali? Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi, kar ki taɓa! 'Yar nan, kar ki taɓa!"

Ta warware rawanin a hankali. Babban yatsan ya kumbura, ya yi ja wur yana ƙyalli kamar an shafa masa mai.

"Taka na yi," in ji Baba. "An binne mani abu a ƙofar mayanka. Na san mai aikin. Tun muna samari yake baƙin ciki da ni."

Likita ta dubi yatsan, ta dubi fuskar Baba da ta yi ɓul-ɓul, ta juya ta dubi Hamidu.

"Hamidu, ka yi kumatu."

"Rufin asiri ne, Likita."

"Baba, me kake ci kwanan nan?"

"Abin da Allah ya hore."

"Allah yana hore hanta?"

Baba ya gyara zama. "Ba ci nike ba. Albarka nike sa wa."

"Kullum?"

"Ai kullum ake kawowa."

"Har da ƙoda?"

"Wannan daga baya ta shigo."

Likita ta ajiye abin awon da ke hannunta a kan tebur, a hankali.

"Baba, ba wanda ya binne maka komai. Wannan ciwon masu cin hanta da ƙoda ne ba hutawa. Yana taruwa a jini, ya gangara ya zauna a babban yatsa. Yau na gano inda maganina ya tafi. Na ba Hansai, ya sauka a ƙafarka." Ta miƙe ta ɗauki jakarta da makullin mota. "Ina Hansai?"

"Tana gida tana aiki," in ji Hamidu. "Likita, Baba fa? Ba za a yi mashi allura ba?"

"Yatsa ba ya kisa. Ya jira."

Ta bar su nan baki buɗe.

Ta samu Hansai a bayan ɗaki, a durƙushe kusa da turmi, ta rungume shi kamar wani ɗan'uwanta. Zaninta ya jiƙe. Tun safe naƙuda ta kama ta, lokaci bai ma yi ba, kuma ba ta gaya wa kowa ba sai da ta kasa tashi. Inna Tasalla na tsaye a kanta da kofin jiƙo.

"Haihuwar fari ce, Likita, ba a yi mata gaggawa. Kunya ce ta hana ta magana, yarinyar akwai tarbiyya."

"Inna, kama mini ƙafafunta mu sa ta a mota."

"Ba a gaya wa maigida ba."

"Maigida yana wurina, yana jinyar albarka. Kama!"

Aka aika kasuwa aka kira Nazifi, ya zo a guje da wuƙar tsire a hannu bai sani ba. A asibiti Likita ta shiga ɗaki da Hansai, can ta fito hannunta duk jini, ta tsaya a baranda inda mazan gidan suke.

"Tana zubar da ɗan jinin da ya rage mata. Jini nake so, yanzu."

Nazifi ya miƙa hannu tun ba ta rufe baki ba. Aka gwada, nasa bai dace da nata ba. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula.

"Ni dai tsoho ne," in ji Baba.

"Naka ba na so, Baba. Riƙe abinka. Hamidu, kawo hannu."

Hamidu ya ja da baya. "Likita, azumi nike."

"Da maiƙo a gemu?"

"Na jiya ne. Kuma ni jinina zafi gare shi, ba ya zama jikin mace. An ce ma in aka ɗebi jinin namiji, shi ke nan, iyalinsa sai haƙuri. Ina da mata, Likita, ina da ƙananan yara."

Ta kama hannun ta soki yatsa kafin ya gama lissafin iyalinsa. Aka gwada. Ya dace.

"To ka ji," in ji ta. "Jinin nan da ke kumatunka nata ne. Ta baki ka karɓa, ta hannu za ka mayar. Shiga."

Mutanen Wagini da ke kwance a baranda suka ɗago suna kallo. Wata tsohuwa ta ce, "Kai ƙato, shiga mana, ko sai an sa maka igiya?" Kunya ta tura Hamidu ciki. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai, yana ganin allura ta doso shi ya ce, "Inna!" ya sulale. A sume aka ɗebi jinin, kuma jini ne mai kyau, ja wur, mai kauri. Dole ya yi kyau. An daɗe ana kiwonsa.

Jinin ya riƙe Hansai. Bai riƙe ɗan ba. Namiji ne, kamar yadda Inna ta faɗa, da gashinsa baƙi kwance luf. Ya fito bai yi kuka ba. Likita ta yi duk abin da ta sani, ta daɗe a kansa, sannan ta naɗe shi a zani ta miƙa wa Nazifi. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ya zo gidan mahauta ya koma, ba a yanka masa ko kaza ba.

Da yamma Likita ta zauna a bakin gadon Hansai ta ce, "Ɗiyata, ni ma da nawa laifin. Na tambayi baki, ban je na buɗe tukunya ba." Hansai bango take kallo.

A gida kuwa aka shimfiɗa tabarmi, masu gaisuwa suka yi ta shigowa. Ka zauna a zauren nan ka ji bayani. Baba, ƙafa a kan matashi, ya ce Allah bai yi yaron zai taka ƙasa ba, kuma ba don albarkar da aka yi ta sa wa ba da har uwar an rasa. Inna ta ce ita tun farko ba ta yarda da jijjigar mota ba, da an bar yarinyar a ɗaki da jiƙo da yanzu ana shirin suna. Hamidu ya ƙi cire auduga daga hannunsa har ta yi baƙi, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa inda aka huda shi don ceton rai. Kuma tunda an hana Baba hanta, ga shi an ɗebi jinin Hamidu, sai gida ya zauna ya ga ba wanda ya fi cancanta da ita kamar shi. Ya mayar da abin da ya rasa, bawan Allah.

Ba wanda ya ce ƙaddara ƙarya ce. Amma ƙaddara ba ta da haƙora, ba ta zama a zaure, ba ta shan magani da cokali. Kuma ba gidan Malam Armaya'u kaɗai ba ne. Ku zagaya Batsari, ku shiga Safana, ku leƙa Darini, ku tsaya lokacin rabon tuwo ku ga kwanon da ake fara cikawa da wanda ake kankare wa ƙanzo. Wadda ta sussuka, ta daka, ta tankaɗe, ta tuƙa, wadda ke ɗauke da mutum a cikinta, ita ce ta ƙarshe, kuma an koya mata ta ce ta ƙoshi. Muna kiran abin ladabi. In ta faɗi mu ce ba ta da ƙwari. In ta mutu mu ce kwana ya ƙare, mu yanka rago a yi sadaka, a kai wa maigida hantar ya sa albarka. Ni ban ce a daina girmama manya ba. Cewa na yi babban da ya san girmansa, in an kawo masa abincin maras lafiya, hannu yake ɗagawa sama ya yi addu'a, ba ƙasa yake kai shi cikin takarda ba.

Likita Ikilima ta ƙi sallamar Hansai. Baba ya aiko a gaya mata ana maganarsu a gari, wai kamar ba su iya ciyar da surukarsu ba. Ta ce a gaida shi, a tambaye shi ya yatsa. Ta sa aka kafa murhu a bayan asibiti, aka ɗora tukunya, tana nan har yau, duk mai cikin da jininta ya yi ƙasa a nan take cin maganinta a gaban ido. Ta ce wa Nazifi ya kawo hanta ɗanya, daga kasuwa kai tsaye, kada ta ko hango zaure. Ya kawo, yana waige-waige kamar wanda ya yi sata.

Aka dafa ta da albasa da ɗan mai, aka zuba a faranti, aka ajiye a gaban Hansai. Likita ta tafi duba wani yaro. Da ta dawo ta tarar an rufe farantin da faifai, Hansai na zaune ta harɗe hannu a cinya, abinci har ya fara hucewa.

"Ɗiyata, ba ki ci ba?"

"Ba a ɗiba ba tukuna, Likita."

"Wa zai ɗiba?"

Hansai ta dubi ƙofa. Ba kowa a ƙofar. Ta dawo da idonta ƙasa.

Likita ta zauna a bakin gadon, ta ɗage faifan, ta tura mata farantin.

"A nan ke ce maigida. Sa albarka."

Hansai ta daɗe tana kallo. Can ta miƙa hannu ta lalubo 'yar mitsitsiya a gefe, wadda ta fi kowacce ƙanƙanta. Likita ta ɗan buge mata hannu.

"Haka kika ga Baba na yi? Babbar."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce wa Hansai, ta farko tun ranar turmi, ta yi sauri ta rufe baki da gefen mayafi. Sannan ta ɗauki babbar. Ta yi bismilla, ta kai baki. Ta tauna a hankali, ta daɗe tana taunawa, hawaye na gangarowa ba ta share ba.

Da ta haɗiye ta ce, "Ashe haka take."